Asibiti sun ce a koma da shi gida: me ya rage a yi wa mara lafiya?

Uwar Zaure:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambayar da ta fi yawan shigowa kwanan nan ita ce wannan: an kai mara lafiya asibiti, an yi gwaje-gwaje har aljihu ya bushe, daga ƙarshe likita ya ja babban ɗa gefe ya ce ciwon ya ci jiki, a koma gida a ci gaba da addu'a. To an koma. Ciwo na cin sa dare da rana, ya daina cin abinci, baya ya fara fashewa, matan gida sun rasa inda za su sa kansu. Muna da likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani da malamai a nan. Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla. Ban da tallan magani, ban da saka hoton mara lafiya.

Dakta B.:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar nan ta "ba abin da za a yi" ita ce ta fara ɓata lamarin. Abin da ya ƙare shi ne neman warkewa. Kashe zafin ciwo, sauƙaƙa numfashi, tsare fata, gyara baki, kwantar da hankalin iyali, duk suna nan, kuma fanni ne guda a aikin likita mai ƙa'idojinsa. Cicely Saunders ce ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na zamani na farko a Landan a 1967. A nahiyarmu Yuganda ta yi nisa: Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, kuma abin da suka dogara da shi ba gini ba ne, ruwan mofin ne mai arha, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, da ma'aikatan da ke bin marasa lafiya gida-gida. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ne ya yi fice da wannan sashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kashi 14 cikin 100 kawai ke samu.

Mu a nan ba ma kai iyayenmu wani gida su cika a hannun baƙi, kuma ban ga dalilin da zai sa mu fara ba. Ɗakin tsohuwa shi ne wurin aikin. Abin da ake nema shi ne sanin aikin ya shiga ɗakin. Kafin a bar asibiti a nemi abu uku: takardar sallama mai ɗauke da sunan ciwon, takardar maganin ciwo mai ƙarfi, da lambar wani ma'aikaci da za a iya kira idan dare ya yi tsanani.

Abban Walida:
Dakta, ranka ya daɗe, mofin fa? Ba shi ne ake cewa da an fara ba mutum shi ke nan an sallama shi ba? Kuma a garin da kodin da tiramadol suka gama da samari, za a kawo wanda ya fi su ƙarfi a ajiye a ɗaki?

Mai Harhaɗa Magani:
Tambayarka biyu ce Abban Walida, kuma ta biyun tana da nauyi. Bari na fara da yadda ake ba da shi.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986 hawa uku ce. Ciwo mara tsanani, farasitamol gram 1 duk awa 6, kada a wuce gram 4 a yini, kuma a rage wa wanda ya rame sosai ko hantarsa ta taɓu. Matsakaici, a ƙara tiramadol ko kodin, tiramadol ba ya wuce miligiram 400 a yini. Mai tsanani, mofin. Wanda ciwon daji ya shiga ƙashinsa yana ihu, ba sai an bi da shi ta hawa na biyu ba.

Ruwan mofin na sha da aka fi haɗawa shi ne miligiram 5 a cikin mil 5, wato kowane mil 1 miligiram 1 ne. Akwai mai kauri, miligiram 50 a mil 5. A karanta jikin kwalba duk lokacin da aka karɓo sabuwa, domin rikita waɗannan biyun shi ne kuskuren da ya fi haɗari. Likita kan fara da miligiram 5 duk awa 4, tsoho ko wanda ya rame 2.5. A auna da sirinji mara allura, ba da cokalin kicin ba.

Lokutan da suka fi sauƙin riƙewa: ƙarfe 6 na safe, 10 na hantsi, 2 na azahar, 6 na magariba, sai 10 na dare a ba da ninki biyu don kada a tashe shi ƙarfe 2. Abin da ke ɓata aikin a gidaje da yawa shi ne jira sai ya fara nishi sannan a ba shi. Ba haka ake yi ba. Agogo ake bi, ko ciwon ya lafa. Ƙarfin maganin awa 4 yake yi a jiki, idan aka bari ya fita ciwon zai dawo da ƙarfinsa, kuma sai an sha wuya kafin a sake danne shi.

Idan ciwo ya taso a tsakani, a ba da ƙarin awo ɗaya daidai da na awa 4, a rubuta a littafi. Misali yana shan 5 sau 6, jimla 30, sai aka yi ƙari sau 3, ya zama 45. Washegari likita zai raba 45 gida 6, sabon awo ya zama 7.5. Littafin nan shi ne idon likita, ko ta waya ce.

Dakta B.:
A kan cewa yana gaggauta mutuwa: maganin da ake ba mutum duk awa 4, duk lokacin da mutumin ya rasu dole bai fi awa 4 da sha ba. Sai dangi su ce na ƙarshen ne ya tafi da shi. Haɗa da cewa sau da yawa ba a fara shi sai ana saura kwana biyu, shi ya sa sunansa ya ɓaci. Akwai masu shan sa watanni suna zuwa masallaci da ƙafarsu. Idan an fara da kaɗan ana hawa a hankali, ba ya tsayar da numfashi.

Amma a san alamun ya yi yawa: barcin da ba a iya tayar da mutum, fizgar gaɓoɓi, ƙwayar ido ta tsuke ƙwarai, numfashi ƙasa da 8 a minti ɗaya. A tsallake awo na gaba a kira likita nan take. Wannan ya fi faruwa ga mai ciwon ƙoda ko wanda fitsarinsa ya ragu, domin ta ƙoda ragowar maganin ke fita. Irin su ana rage awo, a kuma tsawaita tazara zuwa awa 6 ko 8. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwana 2 zuwa 3 na farko kuwa ba komai ba ne, suna wucewa.

Sista Mai Dare:
Kun bar babban abu. Taurin bayan gida ba ya wucewa. Duk wanda ke shan mofin sai cikinsa ya ɗaure, don haka ranar da aka fara, ranar ake fara maganin sassauta ciki: bisakodil ko senna, ƙwaya 1 zuwa 2 da dare. Senna ɗin nan dangin filasko ne, sai dai ƙwayar ta fi shi tabbacin awo. Wasu wuraren ana amfani da busassun 'ya'yan gwanda da aka daka, a fara da kaɗan a cikin kunu. Kada a ce ai ba ya cin abinci, me zai fitar? Hanji na tara abu ko ba a ci ba. Kwana 3 ba bahaya, a faɗa wa nas.

Ga tarkon da ake faɗawa: an yi kwanaki ba bahaya, sai a ga ruwa-ruwa na zubowa a zani, a ce zawo ne, a sayo maganin tsayar da zawo. Alhali dunƙule ne ya toshe ƙofa, ruwa ke bi ta gefensa. Wannan sai nas ta sa safar hannu da mai ta fitar. In an ba da maganin zawo an ƙara ɗaure shi ke nan.

Mai Harhaɗa Magani:
Gaskiyarki Sista. Sai batun samari. Kwalba ta zauna a akwati mai makulli, makulli a hannun mutum ɗaya, a riƙa duba abin da ya rage ana gwadawa da littafi. Ba a samun mofin a kemis na unguwa, kuma duk wanda ya ce zai samo muku a kasuwa ku guje shi. A kantin maganin manyan asibitocin gwamnati ake tambaya, irin na Malam Aminu Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri, da takardar likita. Wani lokaci yana yankewa, don haka a koma karɓa ana saura na kwana 4 ko 5. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya: zai yi gumi, hamma, murɗar ciki da zawo.

Abin da ni na fi jin tsoro ma shi ne allurar kashe ciwo ta fentazosin da ake kiran mai kemis ya zo ya yi ta dannawa. Ƙarfinta gajere ne, tana sa wasu gane-gane, tana taurara tsoka har ta yi gyambo, sannan idan aka haɗa ta da mofin tana rage masa ƙarfi. Mutumin da ba tsoka a jikinsa, ina za a yi ta soka allura?

Kuma ba kowane ciwo mofin ke gamawa da shi shi kaɗai ba. Na ƙashi yana son a haɗa da irin su ibufurofen in ƙoda da ciki lafiya. Mai zugi kamar wuta ko tsirar allura, na jijiya ke nan, amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare kan taimaka.

Maman Biyu:
Allah ya saka. Ni tambayata abinci. Idan ya ƙi ci gaba ɗaya fa? Mutane na shigowa suna cewa za a bar shi da yunwa, a kira a sa masa ƙarin ruwa.

Baba Tsohon Nas:
'Yata, ki riƙe wannan: ba rashin ci ne ke kashe shi ba, ciwon ne ya kai inda jiki ba ya karɓar abinci. Ɗura ita ce illa. A kwantar da mutum a ɗaga haɓarsa a zuba kunu, maƙogwaro ya riga ya yi rauni, kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Kwana biyu sai zazzaɓi da tari, a ce ciwo ya tashi.

Yadda ake yi: a zaunar da shi sosai, a jingina da matasai, haɓa ta ɗan sunkuya. Cokalin shayi, ba ludayi ba. A jira ya haɗiye kafin na gaba. Abu mai ɗan kauri kamar koko, kunun gyaɗa, fura da aka dama ta yi laushi ko ayaba da aka murje ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya, ruwa ne ya fi saurin sa mutum ya ƙware. Cokali uku ya ce ya isa, to ya isa. A bar shi a zaune rabin awa. A zuba a ƙaramin kwano, ganin babban langa cike kaɗai na tayar masa da zuciya. Dokokin da aka kafa masa a da, ban da gishiri, ban da suga, ban da nama, yawancinsu sun faɗi. Ya ce tsire yake so, a sayo, ko tsotsa ya yi ya tofar.

Idan ya fara tari duk lokacin da aka ba shi, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki, a tsaya. Daga nan aikin ya koma kan baki.

Ƙaramin Likita:
Baba, a gafarce ni, ban yarda a rufe ƙofar ƙarin ruwa gaba ɗaya ba. Akwai wanda amai ko zawo ne ya busar da shi, ko sinadarin kalsiyam ya hau a jininsa saboda dajin ƙashi, ya rikice yana ta barci. Leda biyu ko uku sai ka ga ya farfaɗo ya yi makonni yana hira da jikokinsa. In muka ce wa mutane ƙarin ruwa ba kyau, irin waɗannan za su tafi a banza.

Baba Tsohon Nas:
Ban ce a rufe ba, likita. Amma ka san wanda ake sa wa a gidaje ba shi ne wanda ka kwatanta ba. Wanda ake sa wa shi ne mai saura kwana uku, don dai a ce an yi wani abu.

Dakta B.:
Duka kuna da gaskiya, bambancin yana ga matakin da ake. Tambayar da za a yi: makon jiya yaya yake? In yana zaune yana ci, sai kwatsam ya faɗi bayan amai, a gwada ruwa na awa 24 zuwa 48 a gani. In kuwa wata guda ke nan yana sauka a hankali, daga kujera zuwa gado, daga tuwo zuwa kunu zuwa kurɓi, ruwan jijiya ba zai juya wannan ba. Ƙoda ta rage aiki, sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya ya yi ƙasa. Kamar zuba ruwa ne a kwatar da ta toshe: ƙafa ta kumbura, ciki ya cika, huhu ya jiƙe, kakari ya ƙaru. Ga neman jijiya ana soka nan ana soka can. Duk wanda zai sa ruwa ya faɗi tun farko me yake so ya gani, da ranar da za a cire in ba a gani ba.

Wani abin da ake mantawa: magungunan da ya daɗe yana sha. Mutum ya daina ci amma ana ci gaba da ba shi maganin ciwon suga, gilibenkilamid ko allurar insulin, yadda aka saba, suga ya faɗi ƙasa, ya yi gumi ya suma, a zaci ajali ne. Haka maganin hawan jini ga wanda jininsa ya riga ya sauka. A tattara ledar magunguna duka a nuna wa likita ya tsame waɗanda suka rage amfani.

Sista Mai Dare:
Bakin da Baba ya ambata. Ƙishin mai ciwon ajali yawanci bushewar baki ce. A naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a tsoma a ruwan gishiri kaɗan, a goge harshe, dasashi da cikin kumatu, safe da yamma da bayan an ci wani abu. Tsakanin nan a riƙa jiƙa baki duk rabin awa zuwa awa ɗaya. Man kaɗanya a leɓe. Mai iya tsotsa a ba shi ɓarin ƙanƙara ko yankan abarba ko kankana. A haska tocila a duba: farin abu kamar dusar nono manne a harshe da kumatu, kumburi da zafin haɗiya, wannan funfunar baki ce, nistatin ko fulukonazol ke maganinsa. Sau da yawa shi ne ya hana cin abincin tun farko.

Gyambon kwanciya kuwa, hana shi ya fi maganinsa sauƙi nesa ba kusa ba. Juyi duk awa 2: dama, baya, hagu. Ba a kifa shi a kan ƙashin kwatangwalo kai tsaye, a ɗan karkata shi a cusa matashi a bayansa, wani tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba. Wuraren dubawa kullum: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu, kafaɗa, ƙeya da kunne. Littattafai na cewa a nemi inda ya yi ja. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai. A nemi inda ya fi sauran duhu ko sheƙi, a taɓa a ji ko ya fi zafi ko tauri. An ga haka, kada a sake kwantar da shi a wajen, kuma kada a murza. Murzawa da man zafi da gasawa da ruwan zafi ƙara kashe naman suke.

Ba a jan mara lafiya a kan shimfiɗa. A ninka zanin gado a sa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe-gefe su ɗaga. Leda ta zauna a ƙarƙashin zani, kada ta taɓa fata, da zafin nan namu gumi kaɗai ya isa ya jiƙa fata ta saluɓe. A kakkaɓe ɓurɓushin abinci, a miƙar da zani. In za a juya wanda motsi ke sa shi ihu, a ba da ƙarin awon mofin rabin awa kafin nan.

In gyambo ya riga ya buɗe: cokalin shayi ɗaya na gishiri, ba tozo, a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, wato cikin ledar fiya wata ɗaya. A zuba a wanke, ba dirzawa. Ban da sifirit, ban da Dettol ko Izal a cikin rauni, ban da toka ko garin magani.

Maman Biyu:
Sista, warin fa? Musamman dajin mama da ya fashe. Har 'ya'ya kan kasa shiga ɗakin, ita kuma tana lura.

Sista Mai Dare:
Wannan yana da magani mai arha ƙwarai. Ƙwayoyin cuta marasa son iska ne ke kawo warin, kuma Flagyl na kashe su. A daka ƙwaya 1 ko 2 ta miligiram 200, wadda ba ta da sulɓi a baya, ta yi laushi, a wanke raunin da ruwan gishiri, a barbaɗa, a rufe. Sau 1 ko 2 a yini. Cikin kwana 2 zuwa 3 za a ji bambanci. Zuma mai kyau ma na taimakawa. A ajiye gawayi a kwano a ƙarƙashin gado, a buɗe taga. Turaren wuta mai yawa a rufaffen ɗaki ba ya kashe wari, haɗuwa suke yi, ga hayaƙi ga mai fama da numfashi. A rufe da gidan sauro saboda ƙuda.

Kafin a cire bandeji a jiƙa shi sosai ya saki da kansa, fizga ce ke kawo jini. In jini ya ɓalle a danna da tsumma minti 10 ba ɗagawa. Inda likita ya ce akwai yiwuwar zubar jini mai yawa, a tanadi tawul masu duhun launi a kusa, kuma kada a bar shi shi kaɗai a fita neman mota.

Malamin Unguwa:
Allah ya ƙara sani. Ni inda nake da magana shi ne ɓoye wa mara lafiya halin da yake ciki. Za a ce kada a faɗa wa Baba, zuciyarsa za ta karye. To bashin da ke kansa da ba wanda ya sani fa? Ajiyar mutane? Gonar da aka ba shi jingina? Wasiyya, wadda shari'a ta ba shi har sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba? Ɗan'uwan da suka shekara ba sa magana? Duk waɗannan suna son mutum da hankalinsa. An hana shi sani, an hana shi gyara.

Ba kuma ana nufin a yanke masa rana ba, wannan ilimin Allah ne. Neman sauƙin ciwo bai saɓa wa tawakkali ba, kuma shan magani mai sa barci saboda lalura ba shan maye ba ne. Salla ba ta faɗuwa muddin hankali na nan: a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Imrana ɗan Husaini. Ruwa na cutar da shi, a kawo masa dutse ko ƙasa mai tsarki ya yi taimama. Robar fitsari ba ta hana salla. Tofi da Zamzam a shafa ko a ɗiga a leɓe, kada a ɗura wa wanda ba ya haɗiya kofin rubutu.

Abban Walida:
Allah gafarta Malam, akwai fa wanda in ka faɗa masa, daga ranar ya juya fuska bango. Ba kowa ke da ƙarfin zuciyar ba.

Dakta B.:
Shi ya sa ba a faɗa, tambaya ake yi. A zauna, ba a tsaye ba, ba a gaban 'yan dubiya ba. "Baba, yaya kake ganin jikin nan?" Sai a yi shiru. Mafi yawansu sun riga sun sani, su ma ɓoye wa 'ya'yan suke. "Kana so a yi maka bayanin abin da likitoci suka gani, ko a yi da Yaya?" In ya ce a yi da Yaya, an gama, haƙƙinsa ne. In ya ce faɗa mini, a ba shi kaɗan a tsaya a ga yadda ya ɗauka. Abin da ba a yi shi ne ƙarya: "likita ya ce sati biyu za ka miƙe". Ranar da ya gane, ba zai ƙara yarda da kowa a ɗakin ba, kuma ita ce ke sa a sayar da gona a tafi Masar ko Indiya da mutumin da ko zaman jirgi ba zai iya ba.

Baba Tsohon Nas:
A yi maganar masu jinya. Yawanci mace ɗaya ake bar wa, mata ko 'yar fari, ita ce juyi, ita ce wanki, ita ce dafa wa 'yan dubiya. Juyin awa 2 ba aikin mutum ɗaya ba ne. A rubuta jadawali a manna a ƙofa, maza su ɗauki dare da ɗagawa, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin kunzugu da safar hannu. Mai jinya ta samu barcin awa 5 ko 6 a jere. 'Yan dubiya kuma biyu-biyu, minti kaɗan, a yi addu'a a fito zaure. Kowa ya zo da sunan wani mai magani, mutum ɗaya a gidan ya zama shi ke amsawa.

Uwar Zaure:
Saura kwanakin ƙarshe. Me za a gani, kuma yaushe ne ya kamata a koma asibiti?

Dakta B.:
A koma, ko a kira da gaggawa, idan: ciwo ya ƙi lafawa bayan ƙari 2 ko 3 a jere, fitsari ya tsaya mara ta kumbura, amai ba tsayawa ciki ya kumbura, ƙashi ya karye, ko sabon ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu ga wanda jiya yake tafiya. Na ƙarshen nan awanni ake ƙirgawa, ciwon ne ya danne laka.

Alamun kusantowa: barci ya yi yawa, ya daina sha, fitsari kaɗan mai duhu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa zurfi, ya yi ƙasa, ya tsaya na daƙiƙoƙi, ya dawo. Sai kakari, wanda yawu ne da ya kasa haɗiyewa iska ke bi ta cikinsa. Masu saurare ya fi damu. A kwantar da shi a gefe, a ɗan ɗaga kai, a goge abin da ya gangaro. Kada a zura yatsa ko roba cikin maƙogwaro. Allurar Buscopan miligiram 20 a ƙarƙashin fata na rage sabon yawu in an yi da wuri.

In yana fizge-fizge yana cire zani, kafin a ce aljanu ko a ɗaure hannu, a taɓa mara a ji ko fitsari ne ya taru, a tuna rabonsa da bahaya, a duba ko an tsallake maganin ciwo. In ba ko ɗaya, likita na da magungunan kwantar da shi, halofiridol ko dayazifam. Mai haki a zaunar da shi, a buɗe taga, a sa fanka ko mafici iska na bugun fuskarsa, a rage mutane. Ƙaramin awon mofin na sassauta hakin shi ma.

Ya kasa haɗiya ba a daina mofin. Ana ɗiga mai kaurin kaɗan-kaɗan a gefen kumatu, ko nas ta mayar da shi allurar ƙarƙashin fata a rabin awon baki.

Malamin Unguwa:
A ɗauka yana ji ko bai amsa ba, don haka ban da rabon gado da koke-koke a kansa. A fuskantar da shi alƙibla in ba zai wahala ba. Laƙƙana kalmar shahada a hankali ake yi, mutum ɗaya da yake ƙauna ya faɗa kusa da kunnensa. Ba a cewa "ka ce, ka ce", ba a girgiza shi. Ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi, sai in ya yi wata magana a sake. In Kirista ne a kira fastonsa tun yana gane mutane. Rai ya yi halinsa, a rufe ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a miƙar da gaɓoɓi, a lulluɓe.

Sista Mai Dare:
Kafin masu wanka su zo, robar fitsari ba a fizge ta. Akwai ƙwallon ruwa a ciki da ke riƙe ta, sai an zuƙe da sirinji ta ƙaramin bakin gefe sannan ta zare. Gyambo a sa masa sabon bandeji mai kauri saboda likkafani, masu wanka su sa safar hannu.

Mai Harhaɗa Magani:
Ragowar mofin kuma a mayar da shi kantin asibitin da aka karɓo, tare da littafin. A cire shi daga ɗakin tun kafin gida ya cika da 'yan gaisuwa. Kada a ajiye don wani, kada a ba maƙwabciya mai ciwon gwiwa: awon da mai daji ya saba da shi a wata uku zai iya tsayar da numfashin wanda bai taɓa sha ba.